Bayan Gobarar Daji: Wa Ke Biyan Kuɗin Gyaran Kogi?

(An rubuto wannan lacca ne daga faifan murya, an rage maimaici da gaishe-gaishe.)

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Gobarar daji a Amurka kowa na ganinta a talabijin. Wuta na cin itatuwa, jirage na feshin ruwa, mutane na gudu da 'ya'yansu. Da wutar ta mutu sai 'yan jarida su tattara kayansu. Ni kuwa daga nan zan fara, domin ɓarnar da ta fi daɗewa tana zuwa ne da ruwan sama na farko bayan wutar.

Ga yadda abin yake. A daji mai rai, ganye da ciyawa da saiwoyi ne ke tare ruwan sama, su bar shi ya nutse a hankali. Idan wuta mai zafi ta wuce, duk wannan ya tafi. Wani lokaci ma har ƙasar kanta takan canza: maiƙon da ke cikin ganyen da ya ƙone yakan shiga cikinta ya daskare, sai ta daina shan ruwa, kamar ka zuba ruwa a kwanon da aka ci miyar manja. Ruwan da dā zai nutse sai ya gangara da gudu, ya kwashi toka da laka da duwatsu da kututture. A Montecito, jihar Kalifoniya, ranar 9 ga Janairun 2018, 'yan makonni bayan gobarar Thomas, irin wannan ambaliyar laka ta kashe mutum 23.

To bari mu je jihar New Mexico, shekarar 2022. A nan gwamnatin tarayya ce da kanta ta kunna wutar. Hukumar gandun daji takan ƙona wani sashe da gangan don rage busassun itatuwa. Ranar 6 ga Afrilu iska ta ƙwace musu wata irin wannan wuta, ita ce ake kira Hermits Peak. Ta biyun, Calf Canyon, ta fi ban mamaki: tarin itace ne suka ƙona tun watan Janairu, dusar ƙanƙara ta rufe shi, ashe garwashin na nan da ransa, ya farka a watan Afrilu. Wutar biyu ta haɗe, ta ci eka sama da 341,000, gobara mafi girma a tarihin jihar.

A ƙasan waɗannan duwatsu akwai wani gari mai suna Las Vegas. Ba Las Vegas ɗin caca ba, wannan ƙaramin gari ne mai mutum kusan 13,000, kuma yawancin ruwan shansa daga kogin Gallinas yake. Damina na faɗuwa a watan Yuli kogin ya cika da toka da laka, matatar ruwan garin ta kasa tace shi. Kafin ƙarshen Agusta ruwan da ya rage musu a ajiye bai kai na wata guda ba. Manoman yankunan Mora da San Miguel kuma suna da magudanan ban-ruwa na gargajiya tun zamanin Sifaniyawa, waɗanda jama'a ke yashewa da aikin gayya kowace shekara. Laka ta binne da yawa daga cikinsu.

Yanzu sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta tara mu.

Asusun gwamnatin tarayya ba ɗaya ba ne, kuma wanda zai buɗu ya danganta da mai ƙasar da ta ƙone. Idan ta tarayya ce, akwai shirin da ake kira BAER. Tun wuta ba ta gama mutuwa ba ake tura masana ƙasa da na ruwa, su zana taswirar inda ƙunar ta fi tsanani. Daga nan a watsa bambaro ko ɓarzajjen itace daga jirgi mai saukar ungulu don rufe ƙasar, a faɗaɗa kwalbatoci, a rufe hanyoyi masu haɗari. Aiki ne na gaggawa, wa'adinsa shekara guda.

Idan kuwa ƙasar ta mutane ce ko ta ƙaramar hukuma, sai a nufi ma'aikatar noma, wajen hukumar NRCS mai kula da kare ƙasa da ruwa, da shirinta na gaggawa mai suna EWP. Shi ke yashe koguna, ya ɗaure gaɓar da ke zaizayewa, ya kare gadoji da gidaje. Amma ku saurari sharuɗɗansa da kyau. Manomi shi kaɗai ba zai nema ba, sai wata hukuma ta yankin ta tsaya masa. Tarayya na biyan kashi 75 cikin 100, wani lokaci har 90 a yankuna masu ƙaramin ƙarfi, sauran kuma wanda ya tsaya ne zai kawo. Kashi 25 ƙaramin abu ne a baki. Amma idan aikin na dala miliyan 20 ne, ana nufin gundumar da gidajenta suka ƙone, harajinta ya ragu, ta nemo miliyan 5. Ina za ta samo? Ƙari a kan haka, shirin ba shi da tsayayyen kaso a kasafin kowace shekara, yawanci sai majalisa ta ware masa kuɗi na musamman bayan bala'i. Ana iya amincewa da aikinka ka shiga layi, gajimare kuwa ba ya bin layi.

Sai FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, wadda ke taimaka wa jihohi da kuɗin kashe wuta. Wata doka ta 2018 ce ta tabbatar da cewa inda aka ba da wannan taimako, za a iya samun kuɗin rigakafin ambaliyar da ke biyo baya.

A ganina babban aibin tsarin nan shi ne an raba kuɗi bisa takardar mallakar fili, alhali kogi ɗaya ne. Ruwan da ya taso daga dajin tarayya a kan dutse shi ne zai ratsa gonar talaka, ya ƙare a famfon gari. Hukuma uku, fom uku, wa'adi uku. Ƙasar da ta ƙone kuma takan ɗauki shekaru kafin ta koma riƙe ruwa.

New Mexico ta samu abin da wasu ba su samu ba, saboda laifin na gwamnati ne ƙiri-ƙiri. An yafe musu kason da ake nema daga yankin. Majalisa ta yi dokar diyya ta musamman a watan Satumban 2022 da dala biliyan 2.5, ta ƙara biliyan 1.45 a Disamba, ciki har da miliyan 140 don matatar ruwan Las Vegas. A ƙarshen 2024 aka sake ƙara biliyan 1.5. Kuɗi ne masu yawa, ba musu. Duk da haka mutane sun daɗe suna kukan jinkirin biya, kuma a watan Yunin 2024, shekara biyu bayan wutar, ambaliya ta sake gurɓata ruwan garin har aka soke bukukuwan 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka. Yanzu ku yi tunanin garin da tsawa ce ta kunna wutarsa. Babu wanda za a kai ƙara, babu doka ta musamman.

Wani ya aiko da tambaya a takarda: shin ba a iya kashe kuɗin kafin wutar? Ana iyawa, kuma birnin Denver na jihar Colorado ya gwada. Bayan gobarar Buffalo Creek ta 1996 da ta Hayman ta 2002, laka ta cika musu dam ɗin Strontia Springs, hukumar ruwan birnin ta kashe sama da dala miliyan 27 wajen yasa da gyara. Sai a 2010 ta ƙulla yarjejeniya da hukumar gandun daji, kowanne ya zuba dala miliyan 16.5 don sassabe da rage cunkoson itatuwa a dazukan da ruwan birnin ke fitowa. Masu biyan kuɗin famfo ne suka ɗauki rabin nauyin. Sai dai Denver babban birni ne mai tarin masu biya, Las Vegas ba ta da wannan ƙarfi. Kuma kada mu manta, wutar da ta jefa Las Vegas cikin wannan hali ita ma aikin rigakafi ce.

An yi mini alama lokaci ya ƙure. Sauran tambayoyin sai bayan sallar Magariba.