Ƙoƙon Getsamani da "sai haƙuri"

Malama: Masu sauraro, barkanku da warhaka daga nan Yamai. Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, ta ƙarato, zafi ya haura digiri 40. Baba Fasto, ina gajiya?

Fasto: Ba gajiya, ƴata. Sai godiya.

Malama: Baba, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mace ta sayar da akuyarta ta kai ɗanta asibiti, yaron bai tashi ba. Mu je gaisuwa, mu ce "sai haƙuri", mu sha ruwa, mu kama gabanmu. In ta ɗaga murya da kuka, a ce bangaskiyarta ta raunana.

Fasto: Wa ya ce? Buɗe Luka sura 22. A lambun Getsamani, daren da aka kama shi, Yesu da bakinsa ya roƙi Uba ya ɗauke masa ƙoƙon wahala, guminsa na ɗiga kamar jini. Matiyu ya ce har sau 3 ya koma yana roƙon. Almajiran kuwa, barci.

Malama: Kamar mu a addu'ar kwana!

Fasto: Ke dai bari. Amma kin ga, sai da ya faɗi abin da ke ransa tukuna ya ce nufin Uba za a yi. Mu kuma mukan tsallake na farkon, mu cusa wa mai makoki na biyun.

Malama: Kuma ba a ɗauke ƙoƙon ba.

Fasto: Ba a ɗauke ba. Mala'ika aka aiko ya ƙarfafa shi, Yesu ya sha ƙoƙon. A kan gicciye ma da Zabura 22 ya yi kira, yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Mu nan mun ɗanɗana. A watan Janairun 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Mun yafe, amma sai da muka yi kuka tukuna. Kuma kada a manta, akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu, su ma sun sa ransu a haɗari.

Malama: To Baba, sa mana albarka.

Fasto: Ya Uba, ga masu jinya, ga masu makoki, ga waɗanda rumbunsu ya ƙare tun damina ba ta faɗi ba. In ka yarda, ka ɗauke musu. In kuwa sai sun sha, kada ka bar su su kaɗai, mu kuma ka hana mu barci. Cikin sunan Yesu.

Malama: Amin. Masu zuwa sujadar Juma'a, a riƙo ruwan sha saboda yara da tsofaffi.