Sauya shakazobar bayan keken lantarki na hawan duwatsu

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da warhaka. Ina ganin kusan duk wanda ke ɗakin nan ko dai mahayi ne ko makanike, to bari mu shiga magana kai tsaye.

Mutum ya sayi keken lantarki na hawan duwatsu, ya yi 'yan watanni yana sauka da shi a kan tudu, sai ya fara ƙorafi cewa baya na dukansa, ko kuma shakazoba tana kai ƙarshe da ƙarar ƙarfe. Daga nan sai ya ce zai sayi sabuwa. Kafin ya fitar da kuɗi, ina so ya tambayi kansa: wadda ke jiki, an taɓa daidaita ta kuwa?

Ga yadda ake yi. A jikin sandar shakazobar iska akwai ɗan zoben roba. Ka hau keken da kayan da ka saba hawa da su, har jakar ruwa, wani ya riƙe maka, ka tura zoben ya manne da bakin gwangwanin iska, wato inda sandar ke shigewa, sannan ka sauka a hankali. Nisan da zoben ya matsa shi ne yadda nauyinka ke zaunar da keken. Ana son ya kai kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na tafiyar sandar. Idan sandar na tafiyar milimita 60, kashi 30 milimita 18 ke nan. Ka sa rula ka auna, kada ka yi da ido. Kuma don Allah kada a kai wa mai faci ya busa. Tana da famfonta na musamman, ƙarami, mai kaiwa psi 300 a ma'aunin matsin iska, domin cikinta ɗan wuri ne amma matsin iskar mai yawa ne.

Sai ɗan makunnin da ke saita saurin dawowarta, wanda kamfanoni da yawa ke yi wa jan launi. Ka sauko daga kan dakali kana zaune a sirdi. Ta lotsa, ta dawo sau ɗaya, ta tsaya. In tana ta rawa, ka rage saurin. Mutane da dama daga nan matsalarsu ke ƙarewa.

To, yaushe sauyi ya zama dole? Keken lantarki yakan kai kilo 22 zuwa 25, na ƙafa zalla kuwa wajen kilo 15. Amma ku lura, in ka haɗa da nauyin mahayi, bambancin ba shi da yawa kamar yadda ake zato. Ni a ganina babbar matsalar zafi ce. Injin Bosch Performance Line CX ko Shimano EP8 zai hau da kai tudu ba ka gaji ba, ka sauko, ka sake hawa nan take. Shakazoba ba ta samun hutu. Man cikinta ya yi zafi ya tsinke, sai ka ji keken ya koma tsalle. Shi ya sa ake neman mai goye da ɗan tankin mai a gefe, irin Fox Float X ko RockShox Super Deluxe: mai ya fi yawa, zafi ya fi jinkirin kama shi.

Yanzu mu zo inda ake asarar kuɗi. Kowace shakazoba tana da lambobi 2, misali 230x60. Ta farko tsawonta daga ido zuwa ido, wato ramukan da ake ɗaure ta da su, ta biyu tafiyar sandar, duka a milimita. Dole su yi daidai da abin da kamfanin keken ya tsara. Akwai kuma irin da ake ɗaure ta ta gefe biyu na kanta maimakon ido, kamar 205x60. Ba za ta shiga gurbin waccan ba. Wani zai ce ai 230x65 tsawonsu ɗaya, bari in ƙara tafiya. Ƙarin milimita 5 a sanda ya fi santimita 1 a taya, domin firam ɗin yana ninka motsin wajen sau biyu da rabi. Taya na iya gugar bututun sirdi, garantinka kuma yana iya tashi. Duk wadda ka saka, ka sace iskarta gaba ɗaya, ka danna keken har ƙasa, ka leƙa ko wani abu na taɓa wani, musamman ɗan tankin da gorar ruwa.

Na ga wani a baya can yana ɗaga hannu, na san sifirin zai tambaya. Haka ne, shakazoba mai sifirin, irin Fox DHX ko Öhlins TTX22M, ta fi laushi a kan tsakuwa, taya ta fi kama ƙasa, ba ta kuma damu da zafi sosai. Ƙarin nauyinta ba abin damuwa ba ne tunda inji ke ɗauka. Amma sifirin ƙarfinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, iska kuwa tana ƙara tauri yayin da ake matse ta. Idan firam ɗinka an tsara shi ya dogara da wannan taurin na iska, ka sa sifirin, kullum kana buga ƙarshe. Sannan firam mai cokali da ke tsawaita shakazoba yakan lanƙwasa siririyar sandar mai sifirin ta gefe. A duba takardar kamfanin a ga ko ya amince. Shi kansa sifirin lamba-lamba ne gwargwadon taurinsa, 400, 450, 500, kuma ba famfo zai gyara maka shi ba. In ka sayi wanda bai dace da nauyinka ba, sai ka sayi wani.

Abu na ƙarshe, ga masu hawa a duwatsun Jos ko wani wuri mai ƙura lokacin hunturu. RockShox na cewa a buɗe gwangwanin iska a sa sabon mai duk bayan awa 50 na hawa. A ƙura irin tamu kada a jira ta cika. A goge sandar da tsumma mai tsabta bayan kowace fita, kada a harba mata ruwan injin wanki. Kafin a ɗora sabuwa kuma, a kwance tsohuwar a motsa bayan firam da hannu. In boris ya ci ko bushin yana wasa, a fara sauya su, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta riƙa ƙara.

Malam mai tambaya, bismillah.