Wa'adin Ɗaura Bashi a Kan Gini a Dokar Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa magina da 'yan kwangila, yau za mu tattauna ne a kan haƙƙin da dokar Amurka ta bai wa ɗan kwangila da kafinta da mai sayar da siminti, na ɗaura bashinsa a kan ginin da ya yi wa aiki idan aka hana shi kuɗinsa. Duk wanda ya yi rajistar wannan bashi a ofishin gundumar da ginin yake, to ya ɗaure mai gida, domin da wuya a sami mai saye ko bankin da zai ba da rance a kan gidan kafin a warware, kuma kotu na iya ba da umarnin a yi gwanjonsa. Jihar Maryland ce ta fara kafa wannan doka a 1791, bisa shawarar Thomas Jefferson da James Madison, waɗanda daga baya suka zama shugabannin Amurka, don a jawo magina zuwa aikin birnin Washington.

Sai dai wannan haƙƙi yana da wa'adi, kuma kowace jiha da nata lissafin. Mu ɗauki Kalifoniya. Ƙaramin ɗan kwangila ko mai kawo kaya, wanda bai ƙulla yarjejeniya da mai gida kai tsaye ba, dole ne ya aika masa da takardar sanarwa cikin kwana 20 daga ranar da ya fara aiki ko ya sauke kayan farko. Ku lura, a lokacin babu wata rigima, ana gaisawa ana dariya, amma lissafi ya riga ya soma. A ce mai sayar da tayil ya yi jinkiri bai aika ba sai a kwana na 50. Sanarwar tasa za ta kare abin da ya kawo daga kwana na 30 ne kawai, duk motocin da ya sauke kafin nan sun fita daga kariyar. A ganina nan ne mutane suka fi yin asara, saboda da yawa suna jin nauyin aika wa mutumin da suke mutunci da shi takardar doka tun bai ci musu ko sisi ba.

Bayan an kammala ginin, ana da kwana 90 a yi rajistar bashin. Amma idan mai gida ya yi rajistar takardar kammala aiki, wa'adin ya ragu zuwa kwana 60 ga babban ɗan kwangila, da kwana 30 ga waɗanda ke ƙarƙashinsa. Rajistar ma ba ta wadatar ba, domin in kwana 90 suka wuce bayanta ba a shigar da ƙara kotu ba, ɗaurin ya warware. Alkawarin "ka yi haƙuri zuwa ƙarshen wata" ba ya tsayar da ko kwana ɗaya daga cikinsu.

A Fulorida sanarwar farko kwana 45 ce, rajista kuma kwana 90 daga aikin ƙarshe, sannan ana da shekara guda kafin a shigar da ƙara, wadda mai gida zai iya rage ta zuwa kwana 60 idan ya yi rajistar takardar ƙalubale. New York ta fi sassauci wajen wa'adin rajista: wata 8, ko wata 4 idan gidan iyali ɗaya ne. Wasu kan koma su gyara famfo ko su shafa ɗan fenti da nufin sabunta lissafi, alhali kotuna a jihohi da dama ba sa ƙirga aikin gyara a matsayin aikin ƙarshe.

Ginin gwamnatin tarayya kuwa ba a ɗaura masa bashi sam. Dokar Miller ta 1935 ta wajabta wa babban ɗan kwangila ya kawo lamunin biya daga kamfanin inshora, wato alkawarin cewa kamfanin zai biya waɗanda suka yi aiki idan shi ya gaza, kuma a kan wannan lamuni ake neman haƙƙi. Wanda ba shi da yarjejeniya da babban ɗan kwangilar zai sanar da shi cikin kwana 90 daga aikinsa na ƙarshe, ƙara kuma dole ta shiga kotun tarayya kafin shekara ta cika.