Lacca: Jagorantar ayari zuwa ƙololuwar dutse a dawo kafin rana ta faɗi

Assalamu alaikum, jama'a. Na baya kuna ji? To, madalla.

Maganarmu ta yau a kan hawan dutse ce a ƙungiyance, irin wanda ake fita da sassafe, a kai ƙololuwa, a ba ido abinci, a sauko a kwana a gida. Da lissafin lokaci zan fara, domin a nan tafiya take lalacewa tun ba a ɗaura takalmi ba.

A 1892 wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita. A ma'aunin yanzu, kowace kilomita 5 a ba ta awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 da za a hau. Mu gwada da Ben Nevis, dutse mafi tsawo a Birtaniya, mita 1,345. Hanyar da aka fi bi, zuwa da dawowa, wajen kilomita 17 ce, kuma daga kusa da matakin teku ake tashi. Lissafi bai cika awa 6 ba. Amma yawancin mutane awa 7 zuwa 9 suke yi. Dalili shi ne ƙa'idar ta ƙaƙƙarfan mutum ce da ba ya tsayawa, babu hutu a ciki, babu cin abinci, babu ɗaukar hoto. Ayari kuwa ƙafar wanda ya fi kowa rauni yake bi. Don haka abin da lissafi ya ba ku, ku ƙara masa sulusi, in akwai sababbin shiga ku ƙara rabi.

Daga nan sai a tsayar da lokacin juyawa, kuma daga baya ake lissafo shi. A ce rana za ta faɗi ƙarfe 6:30. Ana so kowa ya sauka saura awa ɗaya, wato 5:30. In saukowa za ta ci awa 3, to 2:30 ne lokacin juyawa, ko an kai sama ko ba a kai ba. A faɗa wa kowa tun a ƙasa, kowa ya amsa da bakinsa. In aka bari sai ana hango ƙololuwa, babu mai yarda, kowa zai ce ai saura ƙiris. Ana cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. To a kan dutse daɗewar ce abin tsoro, domin rana ba ta jira. A watan Mayu na 1996 a Everest, ƙarfe 2 na rana aka ɗauka a matsayin iyakar lokacin juyawa, wasu ba su kai sama ba sai wajen ƙarfe 4, guguwa ta riske su, mutum 8 suka rasu. Dutsenku ba Everest ba ne, amma zuciyar da ke cewa saura ƙiris iri ɗaya ce.

Tsarin tafiya: gogagge ɗaya a gaba, wanda ba a wuce shi, gogagge ɗaya a baya, wanda ba ya wuce kowa. Mai rauni a sa shi dab da jagora. A tsaya a kowace mararraba a ƙirga mutane. Akwai wani zalunci da ake yi ba tare da an sani ba: masu sauri su yi gaba, su zauna su huta minti goma, na ƙarshe yana isowa yana haki sai su miƙe. Shi da ya fi kowa buƙatar hutu bai samu ko minti ɗaya ba, gajiyarsa ta ninka, kuma ƙafar da ta gaji ita ke tuntuɓe. Hutu yana farawa ne lokacin da na ƙarshe ya iso. Saurin da ya dace kuwa shi ne wanda mutum zai iya magana yana tafiya.

Sai sutura. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, ga iska a sama ba abin da ke tare ta. Ka iso jiƙe da gumi, ka zauna, nan da nan sanyi ya kama ka. Rigar auduga tana riƙe gumi ta manne a jiki, shi ya sa aka fi son ulu ko yadin roba mai saurin bushewa, sannan rigar sanyi da ta ruwa a cikin jaka ko da gari ya waye tas. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari. Alamarsa karkarwa, harshe ya yi nauyi, yatsu su kasa jan zif. Wanda abin ya kama, a cire masa jiƙaƙƙen kaya, a kare shi daga iska, a raba shi da ƙasa mai sanyi, in yana cikin hayyacinsa a ba shi abu mai ɗumi da zaƙi.

Ruwa, kimanin rabin lita a kowace awa, fiye da haka in ana zafi. Tocila kowa da tasa. Sabon takalmi kada ya fara aiki a ranar hawa, kuma da zarar wani wuri a ƙafa ya fara zafi a tsaya a manna filasta kafin ya yi bororo. A yanke farce, domin a gangara yatsu suna dukan gaban takalmi.

Tsawa fa? In kun ga walƙiya ku ƙirga daƙiƙa har ku ji ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, ku bar ƙololuwa da doron dutse, ku guji bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ku ba juna tazara, kada ku koma sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Dutsen da ya haura mita 2,500, kamar Fuji na Japan mai mita 3,776, yana zuwa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya saboda ƙarancin iskar shaƙa. In abin yana ƙaruwa, maganinsa sauka.

A sama, minti 20 zuwa 30 sun isa. Mai ɗaukar hoto kada ya ja da baya idonsa na kan waya. Kuma ku sani mafi yawan faɗuwa a saukowa ake yi: cinya ta gaji, hankali ya riga ya tafi gida, tsakuwa tana zamewa. A taƙaita taku, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a dogara da sanda. In wani ya ture dutse ya yi ihu nan take don na ƙasa su kauce.

Malam a can ya tambaya, tunda akwai taswira a waya, me za a yi da ta takarda? Malam, sanyi yana shanye batir, kuma a kwazazzabo sau da yawa babu sabis. A sauke taswirar a waya tun a gida, a riƙe ta takarda da kamfas, wato na'urar nuna gabas da yamma, a hannun wanda ya iya karanta su. A bar wa wani a gida sunan hanyar, yawan mutane, da lokacin da zai nemi agaji in bai ji ku ba. Wanda ya ɓata ya tsaya inda yake ya busa usur. A duwatsun Turai busa 6 ake yi cikin minti ɗaya, a dakata minti ɗaya, a maimaita, masu nema su amsa da 3. A Amurka busa 3 ce alamar neman taimako, don haka ayari ya daidaita a kan wadda zai yi amfani da ita kafin a tashi.