Jawabin maraba ga Wakilin Ma'aikatar Lafiya na Yankin Arewa a wajen buɗe horon ma'aikatan lafiya na unguwanni, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Wakilin Ma'aikatar Lafiya, lale marhabin, sannu da hanya. Wakilin Mai Martaba Lamiɗo, Allah ya ja zamanin Sarki. Sarkin Hausawa, malamai, iyayenmu mata, kwamitin lafiya yana muku barka da zuwa.

Ranka ya daɗe, waɗannan matasa da ke gabanka su ne ke bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, aikin da aka fara a yankinmu tun 2016. Zaure ba ya tsayar da su, har ɗakin uwa suke shiga. Shi ya sa muka roƙi a koyar da su sha'anin magungunan yara da ake saye ba da takardar likita ba.

Idan jikin yaro ya yi zafi da dare, ba asibiti uwa take fara tunawa ba. Mai tallar magani a faranti yana bakin layi, maganinsa ya wuni a ranar Garwa, wadda ba sai an ba ka labarinta ba. Farasitamol da nauyin yaro ake auna shi, miligiram 15 ga kowane kilo, bayan awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini. Amma da idona na ga uwa ta ba da na ruwa da cokalin miya, ta ƙara da maganin mura, ba ta san shi ma akwai farasitamol a ciki ba. Hantar yaro ce ke ɗaukar wannan nauyi. Ban ga laifinta ba, babu wanda ya taɓa zama ya gaya mata. Asfirin kuwa ba na yara ba ne. Mai gudawa ruwan gishiri da sukari yake buƙata, da zinki na kwana 10 zuwa 14, ba kafso ba. Zazzaɓi kuma a gwada jini tukuna.

Ba mu manta da 2022 ba, da gurɓataccen maganin tari ya hallaka yara kusan 70 a Gambiya. A Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Naturcold, wani gurɓataccen maganin mura na ruwa da aka samu a nan Kamaru.

Ga kokenmu, ranka ya daɗe. Rubutun jikin kwalba da Faransanci ko Turanci yake, iyaye kuwa Hausa da Fillanci suke ji. A yi horon da harsunan nan, a ba kowane ma'aikaci sikelin awon yara da ɗan kofin awon magani da zai nuna wa uwa a hannu.

Allah ya saka da alheri, ya mai da kai gida lafiya. Bismilla, ranka ya daɗe, muna sauraronka.