Mikiyar Amurka: doka ta cece ta, dalma na kashe ta

Jama'a masu sauraro, a Disambar 2024 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta ayyana mikiya mai farin kai a matsayin tsuntsuwar ƙasar Amurka. Madalla. Sai dai tun 1782 hotonta ke kan hatimin ƙasar, kuma hatimin bai hana a bindige ta ba. A Alaska har lada hukuma ta riƙa biya, aka kashe fiye da dubu 100 kafin a daina a 1953.

Doka ce ta cece ta. Dokar 1940, wadda ba ta shafi Alaska ba a lokacin, ta haramta kashe ta, ko ɗaukar ƙwanta, ko riƙe gashinta ba izini. Sannan maganin ƙwari na DDT ya bi ruwa ya shiga kifi, mikiya ta ci kifin, ɓawon ƙwanta ya yi rauni, uwa ta kwanta a kai ya fashe a ƙarƙashinta. A 1963, in ka cire Alaska, sheƙa 417 kacal aka ƙirga masu mata da miji. Aka haramta DDT a 1972. Yanzu mikiyoyin sun haura dubu 300. Doka ce ta yi wannan aiki.

To ga masu cewa ta farfaɗo, tun 2007 aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa, a bar maganar haka. A'a, ba a gama ba!

Maharbi ya harbi barewa da harsashin dalma, ya farke ta, ya bar kayan ciki a daji. Harsashin ya riga ya tarwatse a cikin naman. Mikiya ta sauko ta ci. Guntu kamar ƙwayar shinkafa ya isa. Sai a tsince ta a ƙasa, kai a sunkuye, fukafukai a sake, ta kasa tashi. Binciken da mujallar Science ta buga a 2022 ya gano gubar dalma ta taru a jikin kusan rabin mikiyoyin da aka gwada. Rabi fa! Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi mana bayani ba.

Maharba na kukan harsashin tagulla, wanda zai maye gurbin na dalma, ya fi tsada. Haba! A 1991 an hana harbin agwagin ruwa da dalma a faɗin Amurka, kuma har gobe ana farautarsu. Me ya hana a yi wa harsashin barewa irin wannan doka?