Amsoshin Tambayoyinku: Mai Gogen Da Whistler Ya Zana

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Wasiƙarmu ta farko yau ta fito daga Damagaram. Wani malamin makaranta ya ce ya ga hoton wani Bature rungume da ƙaton goge, an rubuta Whistler, 1859. Yana tambaya: wane ne wannan makaɗi, kuma da fensir aka zana shi?

To Malam, mun gode. Mutumin sunansa Just Becquet, Bafaranshe ɗan garin Besançon. Sana'arsa ta asali sassaƙar mutum-mutumi ce, amma gwani ne wajen kaɗa celo, wato babban gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda ake zama a sa shi tsakanin gwiwoyi. Abokinsa James Whistler, ɗan Amurka da aka haifa a 1834, shi ya zana shi. A 1871 hoton ya fito cikin jerin zane 16 da yawancinsu na kogin Tems ne a Landan.

Batun fensir kuwa, a'a. Faifan jan ƙarfe ake samu, a shafe shi da wani irin kaki, sai mai zane ya bi da allura yana kartar kakin har ƙarfen ya bayyana. Daga nan a tsoma faifan cikin asid, wani ruwa mai cin ƙarfe mai kama da ruwan batir, ya ci inda allura ta bi kawai. A wanke, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi, a matse a inji. Abin da ke dama a faifai, hagu yake fitowa a takarda. Wasu wuraren ma Whistler ƙarfen ya karta kai tsaye ba asid, shi ya sa baƙinsu ya yi kauri.

Malam ya ƙara da cewa kamar ba a gama hoton ba. Lallai kana da ido! Fuskar Becquet ta sha aiki, gogen kuwa 'yan layuka ne aka ja aka bari. Ni dai a ganina da gangan ne: abokinsa yake so mu kalla, ba kayan kiɗan ba.

Wasiƙa ta gaba daga Kumasi take.